Koriyar Leda a Kan Kwamfutar A-Hai

Huwei, 5 ga wata na uku

Zuwa ga Yayata Siulan,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya. Yaya sanyin dutse, yaya gwiwar nan taki? Ina fata kina shafa man da na aiko, ba ki yi kyauta da shi ba kamar na bara. Ki gaishe mini da 'yan uwanki masu ibada. Tun da kun hana waya hawa dutsen nan naku, sai ki yi haƙuri da mummunan rubutuna.

Labari biyu gare ni, na kunya da na murna. Bari in fara sauke na kunyar.

Shekara uku ke nan tun rasuwar mijina A-Hai ni da ƙanensa A-Tek muke riƙe da wasan 'yan tsana. Hannuwan namu ne, muryar tasa ce. Wasanni goma sha huɗu ya naɗa kafin ciwo ya kwantar da shi, muryar sarki da ta janar da ta budurwa da ta wawa duk daga maƙogwaro ɗaya, kuma duk suna cikin tsohuwar laftof ɗinsa. To, ita ma ta fara tsufa. In na kunna ta sai na dafa shayi na sha kafin ta buɗe ido, cikinta kuma yana ta ƙas-ƙas kamar ɓera a rufi.

Ran Asabar muka yi wasa a haikalin ƙauyen masunta. Yaya, sau tara muryar tana maƙalewa. Janar ya zare takobi yana cewa "Zan... zan... zan..." ya kasa ƙarasawa. Duk inda ta tsaya sai A-Tek ya dinga dukan kugen tagulla don ya rufe mana asiri, har wata tsohuwa ta ɗaga murya ta ce, "Janar ƙayar kifi ya haɗiya ne? Ku ba shi loma ta tura!" Jama'a suka kwashe da dariya. Ni kuwa ina bayan labule, hannuwana biyu a sama, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da aka tashi, tsoho Ang, shugaban kwamitin haikalin, ya ja ni gefe. Ya ce, "A-Gim, mijinki abokina ne tun muna yara. Amma ba ni ake yi wa wasan nan ba, Uwar Teku da muke bauta wa a nan ake yi wa. Ranar bikinta, ashirin da uku ga wata, in muryar nan ta tsaya ko sau ɗaya, baɗi wasu zan kira." Ban ga laifinsa ba. Amma kin san yadda abin yake, in wannan haikalin ya sallame mu sauran ma za su bi, a rufe akwatin 'yan tsana, A-Hai ya yi shiru karo na biyu. Wannan ne ba zan iya ɗauka ba.

Ga na murnar. Jiya na ɗauki kwamfutar na hau mota zuwa Douliu, wurin wata mai gyara da ake kira Liao, mace mai gajeren gashi da tabarau, shagonta bai kai kicin ɗinmu ba. Ta ɗora kunne a kan na'urar kamar likita, ta ce faifan ajiyar ciki ne ya gaji. Ashe wani faranti ne a ciki yake juyawa, da allura tana bin sa, irin garmahon Baba. Akwai sabon samfuri, SSD suke ce masa, babu abin da ke juyawa a cikinsa, babu allura, babu ƙara. Ta ɗora mini shi a tafin hannu, bai kai nauyin kan 'yar tsana ba.

Da ta tambayi inda na ajiye kwafin muryoyin na ce babu, sai ta dafe kai. Ta ce, "Inna! Shekara uku kina yawo da mijinki a bayan a-kori-kura kan hanyar gargada, ba ki da kwafi?" Ta ce in bar mata kwamfutar kwana biyu. Na ce sam, A-Hai bai taɓa kwana a gidan wata mace ba yana raye, ba zai fara yanzu ba. Ta yi dariya har ta cire tabarau, ta ce to za ta koya mini in yi da kaina.

Kin tuna gwai-gwai, abin taunawar yaran nan mai suna irin kalmar da Innarmu take lallashinmu da ita, wato ka ji magana? Ashe tun da kika hau dutse masu aikin kwamfuta sun mayar da shi laya. Kowace na'ura a shagon Liao akwai leda ɗaya a kanta, don ta ji magana. Amma sai koriyar, mai ɗanɗanon kwakwa, saboda koriyar fitila ita ce alamar lafiya. Ja ko rawaya masifa suke jawowa. Ba a buɗe ta, ba a cin ta, ba a bari kwananta ya wuce. Na ce, ke mai ilimin boko, kin yarda da wannan? Ta ce, "Inna, ban yarda ba. Amma ban taɓa gwada cirewa ba." Na sayi ɗaya a hanya.

Ki sa ni cikin addu'arki.

Ƙanwarki,
A-Gim

Huwei, 11 ga wata na uku

Yaya Siulan,

Ina gaisuwa, ina fata kina lafiya, da ke da gwiwa da kowa. Ki zauna kafin ki karanta, don ni na kasa zama.

Na yi! Da hannuna na yi!

Shekaranjiya da sassafe na share teburin cin abinci, na shimfiɗa farin ƙyalle, na ɗora koriyar ledar a gefen kwamfuta. Aikin farko shi ne a jona sabon ma'ajin da kwamfutar ta igiyar waya, a juye masa duk abin da ke cikin tsohon. Liao ta ja mini kunne a kan abu ɗaya. Sunaye biyu za su fito a allo, ɗaya na tsoho ɗaya na sabo. In na juya su, wofi zan juye a kan mai cike, komai ya shafe. Ta rubuta mini a takarda da jan biro. Sau bakwai na karanta, na sa A-Tek ya karanta, ya karanta a juye, na kore shi tsakar gida. Sannan na danna.

Awa shida, Yaya. Wani shuɗin layi yana rarrafe a allo. Da ya kai sittin da ɗaya cikin ɗari sai ya tsaya cak, tsohon faifan yana ƙas-ƙas, ƙas-ƙas. Minti arba'in bai motsa ba. Na kunna turare gaban hoton A-Hai na yi masa faɗa sosai. Na ce, kai dai ba ka iya tashi ka tafi a kan lokaci ba, ko ƙaura ake yi sai ka tsaya duba wani abu. Ina juyowa na ga sittin da biyu.

Da la'asar ya cika. Na kashe na'urar, na cire batir, na kifa ta. Kusoshin ƙanana ne kamar ƙwayar riɗi, kowanne na sa shi a ƙoƙon shayinsa daban don kada su gauraya. A-Tek yana leƙe ta taga yana cewa, "Matar Yaya, wannan ya fi ƙarfin hannunki, kawo in taimake ki." Na ce hannun da yake sa 'yar tsana ta zuba shayi ta buɗe mafici ba sukundireba ce za ta gagare shi ba, ka je ka nemi abin da za ka tauna. Da na san abin da bakina yake jawo mini da ban faɗa ba, amma a lokacin ban kawo komai a raina ba.

Na zare tsohon a hankali, da ɗuminsa. Na zura sabon ya shige ƙyat. Na mayar da murfi, kusoshi takwas, babu wanda ya yi saura.

Na danna maɓalli, na juya in ɗauki buta kamar kullum. Ban kai ga murhu ba na ji kiɗan buɗe wasa ya cika gidan, sai ga muryar A-Hai tangaram, yana yi wa jama'a maraba. Butar ta suɓuce mini. Shekara talatin da ɗaya na yi da mutumin nan ina jiransa, a tasha, a ƙofar gidan biki, a bakin tebur, ko ranar aurenmu kin tuna sai da aka je nemansa. Yau ga shi ya riga ni. Na yi ta dariya, na yi ta kuka, na kashe na sake kunnawa har sau biyar don kawai in ga abin. Babu ƙara kuma. Shiru take aikinta kamar ku masu ibada.

Na buga wa Liao waya ina ihu. Ta ce, "Inna, kin ci jarrabawa, ki zo in ba ki aiki." Tsohon faifan na naɗe shi a jan ƙyalle na sa a akwatin 'yan tsana, kusa da janar.

Gobe za mu fara bitar wasannin ɗaya bayan ɗaya. Tsoho Ang zai sha mamaki.

Taki har kullum,
A-Gim

Huwei, 16 ga wata na uku

Yaya,

Ina fata kina lafiya. Ki yafe mini gajeriyar gaisuwa, raina a ɓace yake.

Wasanni goma sha uku sun tafi sumul, ko tuntuɓe babu. Na sha huɗun, wasan janar, wanda A-Hai ya naɗa a ƙarshe kuma wanda tsoho Ang ya zaɓa wa ranar biki, shi ne ya tsaya. Daidai wurin da janar ya zare takobi muryar ta ɗauke. A-Tek ya rarumi kuge ya hau duka kamar yadda ya saba. Muka koma baya, ta sake ɗaukewa a wurin. Sau uku.

Na kai hannu in gyara zaman koriyar ledar, sai na ji ta shafal. Na juya ta, an yanke gindinta an hura iska an liƙe da salatif. Na dubi A-Tek. Mutum mai shekara hamsin da biyar, da furfura a kai, ya sunkuyar da kai ya ce, "Matar Yaya, guda uku kawai na yi niyyar ci. Sauran su suka bi 'yan uwansu." Na bi shi da ludayi har bakin titi.

Na sayo sababbi uku na jera mata. Ba ta ji magana ba, har yanzu tana tsayawa. Saura kwana bakwai. Gobe da safe zan koma Douliu.

A-Gim

Huwei, 18 ga wata na uku

Yayata Siulan,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata ruwan da aka yi bai ɓata muku hanya ba. Ni lafiyata ƙalau, sai dai ban san yadda zan faɗa miki wannan ba.

Na kai wa Liao kwamfutar, na ba ta labarin ledar. Ta ce wannan babban laifi ne, a hana A-Tek kwakwa shekara guda, amma bari ta duba. Ta binciki sabon ma'ajin ta ce lafiyarsa lau, aikina babu kuskure. Sai ta buɗe wasan janar ta yadda muryar ta fito a allo kamar zanen tsaunuka, ta je wurin da yake tsayawa. Ta ce in na'ura ce ta tsaya ai ba a wuri ɗaya za ta dinga tsayawa kullum ba, kuma layin nan bai kwanta ba, akwai ɗan motsi a cikinsa. Ta sa abin sauraro a kunne, ta ƙara sauti. Na ga fuskarta ta canza. Ta ce, "Inna, ba na'ura ce ta tsaya ba. Mijinki ne ya tsaya." Ta sa mini abin a kunne.

Yaya, muryata na ji. Can nesa, daga kicin, ina ƙwala kira: "A-Hai! Taliya za ta huce!" Sai na ji numfashinsa dab da kunnena yana danne dariya. Sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa, ba da muryar janar ba, da tasa ta gida, wadda yake tambayata da ita inda na ajiye masa silifa. Ya ce, "Ga ni nan zuwa, Gim." Ya yi gyaran murya, ya koma janar.

Daƙiƙa goma sha ɗaya ne duka. Na tuna ranar. Bai zo ba sai bayan awa guda, taliyar ta kumbura, na yi ta masifa. Na san ya yi niyyar yanke wurin daga baya, sai ciwo ya riga shi. Ba mu fara yin wasan nan ba sai bayan rasuwarsa, lokacin na'urar ta riga ta fara maƙalewa ko'ina, to wa zai bambance wannan da sauran? Shekara uku mutumin nan yana amsa mini, mu kuma muna dukan kuge a kansa.

Liao ta fita ta sayo mini ruwa, ta daɗe ba ta dawo ba, yarinyar kirki. Da ta dawo ta ce yanke wurin aikin minti ɗaya ne, ba wanda zai gane, za ta kuma ajiye mini guntun daban in dinga ji a gida. Shawara ce mai kyau, na sani. In an yanke, wasa zai tafi sumul, tsoho Ang ba shi da abin cewa. In an bari, ga shiru a tsakiyar yaƙi, a gaban Uwar Teku, bayan an ce mini ko sau ɗaya.

Na ce mata tukuna. Na san abin da za ki ce, Yaya, shekara ashirin kina gaya mini in koyi sakin abin da ya wuce. Amma ke gashi kika aske, ni mijina ake cewa in sa wa almakashi. Amsarki ba za ta iso kafin biki ba, ban ma rubuto don ki amsa ba. Wata dabara tana yi mini yawo a kai tun a mota, har na wuce tasharmu ban sani ba.

Ƙanwarki mai taurin kai,
A-Gim

Huwei, 24 ga wata na uku

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Ina gaishe ki da murya a dishe, don jiya na yi ihu har ta tafi. Yaya jiki, yaya ibada? Ki ce wa mai dafa muku abinci ina aiko da busasshen naman kaza ran Litinin.

Ban yanke ba.

Kwana huɗu muna bita. Na ƙwace sandar kuge daga hannun A-Tek na ɓoye a buhun shinkafa, na ba shi aiki ɗaya: in janar ya zare takobi, ya murɗa sauti har ƙarshe, ya ƙirga goma sha ɗaya, ya mayar. Na tono tsohuwar 'yar tsanar nan mai ɗaurin kai da tabo a kumatu, wadda A-Hai yake cewa da ni aka sassaƙa ta, na ɗinka mata ɗan ludayi a hannu.

Jiya da azahar filin haikali ya cika maƙil. Hayaƙin turare da na tsiran alade ya rufe ko'ina, ana ta fasa tartsatsin wuta. Tsoho Ang yana kujerar gaba ya harɗe hannuwa. Liao ma ta rufe shago ta zo a kan babur, da koriyar leda sabuwa, ta duba kwanan watanta a gabana kafin ta ɗora. Na danna maɓalli, kafin in gama sa hannu cikin janar kiɗa ya tashi.

Minti arba'in babu ko gargada. Muryar A-Hai tana fita ta lasifika har bakin teku. Sai aka zo wurin. Janar ya zare takobi, abokan gaba sun kewaye shi, murya ta ɗauke. Ta ramin labule na ga tsoho Ang ya dafa gwiwa zai miƙe.

Sai ga muryata ta cika filin: "A-Hai! Taliya za ta huce!" Na cillo tsohuwar 'yar tsanar da ludayinta daga gefen dandamali. Janar ya daskare, takobi a sama. Na sa ya waiwayo a hankali, ya sauke takobin, ya ɓoye shi a bayansa. Aka ji dariyar nan da A-Hai yake dannewa. Aka ji, "Ga ni nan zuwa, Gim."

Yaya, filin ya fashe. Mata suna dukan kafaɗun mazajensu. Tsohuwar nan mai maganar ƙayar kifi ta yi ihu, "Je ka ci, Janar, yaƙi zai jira!" Amma tsofaffin gaba, waɗanda suka san A-Hai, ba su yi dariya ba da farko. Muryoyin wasansa suna jin su kowace shekara, tasa ta gaske ce rabonsu da ita shekara uku. Tsoho Ang ya koma ya zauna, ya ciro hankici ya rufe fuska. Janar ya yi gyaran murya ya koma yaƙinsa, ya kuma ci nasara, ni ina bayan labule hawaye yana zuba ba hannun sharewa.

Da aka tashi tsoho Ang ya zo bayan motarmu da kansa. Ya ce, "A-Gim, na ce in ta tsaya ko sau ɗaya." Na ce, ta tsaya, Shugaba. Ya ce, "Baɗi in ba ta tsaya a wurin nan ba, kada ki zo mini nan." Wakilan haikali biyu kuma sun karɓi lambar wayata. A-Tek yana ta yawo yana gaya wa mutane wai da bai ci gwai-gwai ɗin nan ba da ba a gano komai ba. Na mayar masa da sandar kugensa, na kuma saya masa leda guda, rawaya.

Da muka dawo gida rana ba ta faɗi ba. Na dafa taliya, irin ta ranar, da albasa da man riɗi. Na zuba kwano biyu, na ajiye ɗaya gaban hotonsa. Na buɗe kwamfutar a kan tebur, na ɗauke koriyar ledar na ajiye gefe, don a gida ba na buƙatar A-Hai ya ji magana. Na kai wurin, na saurari kaina ina kira, na saurare shi yana cewa ga shi nan zuwa.

Wannan karon ban yi masifa ba, Yaya. Na ce masa ya gama abin da yake yi, ba sauri. Na zauna na jira har taliyar ta huce, sannan na ci.

Ki kula da gwiwarki. Zan hau dutsen in gan ki bayan damina, da kwamfutar a jakata, ko sun yarda ko ba su yarda ba.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
A-Gim